Sayen Wili da Kula da Na'urar Iskar Taya

Duk nauyin mota da mutanen da ke cikinta yana kan wuri huɗu ne, watau inda tayoyi suka taɓa ƙasa, kuma kowane wuri bai fi faɗin tafin hannu ba. Saboda haka na ga ya kamata in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani a kan abubuwa biyu da ake yawan yin sakaci da su a wannan yanki namu na Anka da Gummi da Bukkuyum. Na farko shi ne sayen wili, wanda wasu ke kira rim, watau ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Na biyu kuwa wata 'yar na'ura ce da ke ɓoye cikin tayar motocin zamani tana auna iska.

Mu fara da na'urar. Yawancin motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Ikko an riga an hau su a Amurka ko ƙasashen Turai. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan da aka yi ta samun haɗurra da motocin Ford Explorer, mutum sama da 100 suka rasu. Ƙarancin iska na cikin abubuwan da aka zarga. Wannan ya sa majalisar Amurka ta yi doka a shekarar, kuma tun daga watan Satumba na 2007 kowace ƙaramar mota sabuwa da za a sayar a can tilas ta kasance da abin da zai gargaɗi direba idan iska ta ragu. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi sahu a watan Nuwamba na 2014. Turawa na kiran wannan tsari TPMS a taƙaice, makanikanmu kuwa su kan ce sansa.

To, yaya take aiki? A yawancin motoci sansar tana manne ne da gindin bawul daga cikin wili, girmanta bai fi kwalin ashana ba. Tana da ɗan batirinta da ba a cirewa, wanda ya kan yi shekara 5 zuwa 10. Ita ke auna iska ta aika wa kwamfutar mota labari ta hanyar rediyo. Idan iskar wata taya ta ragu da kashi 25 cikin 100, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Akwai kuma motocin da ba su da sansa cikin taya ko kaɗan, kamar Honda Accord daga ƙirar 2013. Su suna ƙirga jujjuyawar kowace ƙafa ne, domin tayar da ta sace ta kan ƙanƙance, ta riƙa juyawa da sauri fiye da 'yan'uwanta.

Fitilar nan magana biyu take yi. Idan ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu, sai a tsaya a auna. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa na kamar minti ɗaya bayan an tayar da mota, sa'an nan ta tsaya, to na'urar ce da kanta ta sami matsala, ko batiri ya mutu, ko an fasa ta, ko an cire ta. Abin takaici shi ne wasu masu mota da fitilar ta dame su sai su liƙe ta da baƙin salatif, ko su sa a cire ƙwan. Wannan daidai yake da mutum ya ɗaure bakin karensa don kada haushinsa ya tashe shi da dare.

Yanzu mu koma ga wili. Samari da yawa na sha'awar su cire na ƙarfe su sa na alminiyam mai walƙiya. Babu laifi a cikin haka, muddin an saya da awo. Akwai awo huɗu da ya kamata mai saye ya riƙe.

Na ɗaya shi ne yawan ramukan noti da tazararsu. Toyota Camry da Honda Accord suna da ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, ana rubuta shi 5x114.3. Yawancin Golf 3 da ke jigila a tashoshinmu 4x100 ne, Peugeot 406 kuma 4x108. Inda haɗarin yake shi ne wilin Marsandi mai 5x112, wanda da ido ba za ka bambanta shi da na Camry ba, don milimita 2.3 ne kawai tsakaninsu. Idan aka matsa zai shiga, amma notocin za su zauna a karkace, wata rana kusoshin su karye ana cikin gudu.

Na biyu shi ne babban ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1. Idan ramin ya yi ƙanƙanta wili ba zai shiga ba. Idan ya yi faɗi zai shiga, amma sai an sa zobe an cike gurbin, in ba haka ba sitiyari ya riƙa rawa da zarar mota ta ɗauki gudu.

Na uku shi ne zurfin wili, wanda ake bugawa a bayansa da haruffan ET da lamba, misali ET45. Shi ke nuna ko taya za ta shige ciki ko ta turo waje. In ta shige da yawa ta goga shokabzoba ko birki, in ta turo da yawa ta goga bodi, ta kuma gajiyar da boris da wuri.

Na huɗu shi ne girma. A jikin taya za a ga rubutu kamar 215/60 R16. Ma'anarsa faɗinta milimita 215 ne, tsayin gefenta kashi 60 cikin 100 na faɗin, watau milimita 129, kuma tana hawa wili mai inci 16. Wanda ya koma inci 18 dole ya sa siririyar taya kamar 225/45 R18, wadda gefenta milimita 101 ne kacal. Wannan gefe kuwa shi ne matashin da ke shanye dukan rami. Duk wanda ya san hanyar Anka zuwa Ɗaki Takwas zuwa Gummi, ko ya taɓa ratsewa zuwa ƙauyuka irin su 'Yargalma da damina, ya san siririyar taya ba tamu ba ce. Wilin ƙarfe idan ya lanƙwashe ana iya buge shi ya miƙe, amma na alminiyam tsagewa yake yi, kuma wanda aka yi wa walda ba abin amincewa ba ne. Saboda haka kafin a biya kuɗin wilin da aka taɓa amfani da shi, a wanke shi, a juya cikinsa a duba ko akwai tabon walda. A kuma tambayi notocinsa, domin mazaunin noti iri-iri ne, akwai mai tsini, da mai kumburi, da mai wasa, kuma ba sa maye gurbin juna.

Ranar canza wili ita ce ranar da aka fi rasa sansa. Sau da yawa sai a bar ta jikin tsohon wili a sayar da shi, ko mai faci ya danna ƙarfensa daidai wajen bawul ya murƙushe ta, alhali bai ma san tana nan ba. Ya kamata mai mota ya tsaya a wurin, ya gaya masa tun kafin ya fara cewa akwai sansa, ya fasa bakin tayar daga can nesa da bawul. Sa'an nan a kwance ta a hankali a mayar kan sabon wili da sabuwar roba. Idan tsofaffin sansoshin aka mayar, yawancin motoci za su gane kayansu. Idan sababbi aka saya, to kowace tana da lambarta, kuma a motoci kamar Toyota sai an sami mai gyara da kwamfuta ya shigar da lambobin. A kula kuma, sansar motar da aka ƙera don Amurka yawanci tana magana ne a kan mita 315, ta Turai a kan 433, kuma wannan ba ta jin yaren waccan. Haka nan ruwan liƙe huda da ake ɗurawa cikin taya yana iya toshe ta.

Amma fa kada a ɗauka fitila ta ɗauke mana aikin awo. Motar da ke bukatar awo 32 sai ta sauka wajen 24 kafin fitila ta kama, kuma kafin nan taya ta daɗe tana zafi, mai yana ƙonewa a banza. Awon da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke liƙe jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci ya kan kama daga 30 zuwa 35. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bugawa ba. A auna da safe kafin a yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata, har da safaya. Iska na raguwa da kamar awo 1 duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 ko 6, shi ya sa fitilar ta kan kama da asubar hunturu. Da bazara kuwa kada a sace iskar tayar da ta yi zafi da tafiya, domin in ta huce za ta koma ƙasa da ƙima.

Ita ma tayar tana da ranar haihuwa. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. Idan aka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su. Amma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya rufe tasa ta Ikeja a 2008, kasuwanninmu suka cika da 'yan gwanjo. Araha dai ba ta ado. Ba mu manta ba, ranar 6 ga Maris 2016 fashewar taya ta yi sanadin rasuwar ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, tare da matarsa da ɗansa, a hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ai an umurce mu mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali. A halin da yankinmu ya sami kansa, babu mai so taya ta tsayar da shi a daji magariba na gabatowa, ga mata da yara a mota. Ina roƙon iyayenmu su sayi ɗan gejin awo su ajiye a mota, kuɗinsa bai kai na facin taya kaɗan ba. Mu kuma ɗalibai, idan muka je hutu, mu karanta musu takardar jikin ƙofa da lambobin jikin taya, wannan ma wani amfanin karatu ne.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.