Yadda Shan Inna Ke Tare Umarnin Ƙwaƙwalwa

A Mubi ta Jihar Adamawa, kamar sauran garuruwan Arewa, akan ga magidanci da shanyayyiyar ƙafa tun ƙuruciya, a ce Inna ce ta sha shi. Likitoci kuwa sun tabbatar ƙwayar cuta ce.

Kafin mutum ya ɗaga ƙafa, sai ƙwaƙwalwa ta aika da umarni ta lakar ƙashin baya, jijiyoyi su isar da shi ga tsoka. Ƙwayar shan inna takan shiga ta baki, in ta kai ga laka ta kashe tushen jijiyoyin, umarni ya kasa isa, ƙafa ta shanye.

Rabon Nijeriya da asalin cutar tun 2016 a Borno, amma wani nau'inta bai ƙare ba. Tushen jijiya in ya mutu ba ya farfaɗowa, saboda haka wajibi ne iyaye su kai yara rigakafi.