Kujerar Shugaban Majalisar Dokoki: Daga Yamai zuwa Tchibarakaten

Tchibarakaten wuri ne cikin hamada, a arewacin jihar Agadas, dab da iyakar Aljeriya. Kafin shekara ta 2014 ba kowa ya san sunansa ba, in ban da makiyaya da masu ratsa sahara. Cikin wannan shekara aka gano zinariya a duwatsunsa, sai dubban mutane suka kwarara can, daga Agadas da Arlit, daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, har da baƙi daga Cadi da Sudan. Ko ruwan sha ma da mota ake kai shi daga nesa.

Tsakanin ramukan haƙar da zauren Majalisar Dokoki na Yamai akwai fiye da kilomita 1000. Duk da wannan nisa, dokar da ta faɗi wanda ke da iznin haƙa, da harajin da zai biya, da rabon da za a mayar ma yankin, a wannan zaure aka riƙa tsara ta, gaban mutum guda, wato shugaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Don haka ya kamata a san aikin wannan kujera, da waɗanda suka zauna bisanta, da abin da zamansu ya jawo ma ƙasar ma'adinai.

Aikin mai kujerar

Kundin tsarin mulki na ran 25 ga watan Nuwamba 2010, wanda aka yi aiki da shi har watan Yuli 2023, shi ne ya fi fayyace wannan aiki. Depitoci ke zaɓen shugabansu daga cikinsu, na tsawon wa'adin majalisa, shekara 5, alhali sauran membobin kwamitin gudanarwa kowace shekara ake sake zaɓensu. Kafin ya kama aiki, sai ya yi rantsuwa bisa littafin addininsa gaban Kotun Tsarin Mulki. In amana ta ɓaci tsakaninsa da depitoci suna iya tsige shi, amma sai kashi biyu cikin uku sun yarda.

Shi ke buɗe zama, shi ke rufewa. Shi ke ba da magana, shi ke karɓe ta, shi ke shugabantar taron da ake tsara abin da za a tattauna da ranar da za a tattauna shi. Idan majalisa ta amince da doka, shi ke aika ta ga shugaban ƙasa don ya sa hannu cikin kwana 15. Yana da ikon kai doka gaban Kotun Tsarin Mulki a duba ta. Sai an shawarce shi kafin a rushe majalisa. Bugu da ƙari, in shugaban ƙasa ya rasu ko ya yi murabus, shi ne kundi ya ce ya riƙe ƙasa kafin a yi zaɓe. Wannan ya sa ake ce masa mutum na biyu a ƙasa.

Cikin waɗannan ayyuka, tsara ajanda ya fi kama da ƙaramin abu, amma nan ƙarfin yake. Maganar da aka sa gaba ita ke samun masu ji, wadda aka jinkirta kuwa tana iya kwana shekaru cikin akwati.

Zamanin Bubu Hama

Wanda ya riƙe kujerar lokacin samun mulkin kai shi ne Bubu Hama, mutumin Foneko ta ƙasar Tera, malamin lakwal kuma marubucin tarihi. Ya hau cikin watan Disamba 1958, bai sauka ba sai ran 15 ga watan Afrilu 1974. Babu wanda ya kai shi daɗewa. Majalisarsa ta jam'iyya guda ce, PPN-RDA, domin tun 1959 aka haramta Sawaba. Depitoci 50 da aka zaɓa cikin 1965, haka kuma cikin 1970, duk daga takarda guda suka fito.

A zamaninsa aka kafa kamfanin SOMAIR cikin 1968, aka gina garin Arlit a fili fetal, aka fara fid da ƙarfen iraniyom cikin 1971. Amma zancen farashi da na rabo ba a zauren majalisa aka yi shi ba. Tsakanin fadar shugaba Jori Hamani da hukumomin Faransa aka yi ta cinikin. Ana cikin wannan ciniki, ga kuma fari ya gallabi ƙasa, sai soji suka karɓe mulki bisa jagorancin Seyni Kunce. Aka rushe majalisa, aka tsare Bubu Hama, har ya yi zaman kaso a Agadas. Ya rasu a Yamai cikin 1982.

Daga nan ƙasa ta yi shekara 15 babu majalisar dokoki. Cikin waɗannan shekaru ne iraniyom ya yi daraja ƙwarai, kamfanin COMINAK ya fara aiki a Akuta cikin 1978, garin Akokan ya bunƙasa, aka shimfiɗa gudoron Tawa zuwa Arlit. Wato lokacin da kuɗin ma'adinai suka fi shiga baitulmali, babu wakilan jama'a masu duba kasafin.

Shekarun sauye-sauye

An sake kafa majalisa cikin watan Disamba 1989, zamanin Ali Saibu, Mutari Musa ya zama shugabanta. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya rushe ta, ya kafa majalisar riƙon ƙwarya a hannun Farfesa Andre Salifu. Bayan zaɓen jam'iyyu da yawa na 1993, Mumuni Adamu Zarmakwai ya hau, amma cikin watan Oktoba 1994 shugaba Mahaman Usman ya rushe majalisar.

Wanda ya biyo baya cikin watan Fabrairu 1995, mutanen Arlit sun san shi sarai. Mahamadu Isufu injiniyan ma'adinai ne, ya yi darektan ma'adinai na ƙasa, ya kuma riƙe manyan muƙamai a SOMAIR kafin ya shiga siyasa. Yana bisa kujerar aka sa hannu ga yarjejeniyar zaman lafiya ta ran 24 ga watan Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa, wadda ta yi alkawarin bai wa yankuna ikon tafiyar da harkokinsu. Sai dai rigimar da ta ɓarke tsakanin shugaban ƙasa da faraminista Hama Amadu ta cinye lokacin majalisa, har Ibrahim Bare Mainasara ya yi juyin mulki ran 27 ga watan Janairu 1996.

Mutari Musa ya komo cikin 1996. Ran 9 ga watan Afrilu 1999 aka kashe shugaba Bare a Yamai. Ranar nan ce kujerar shugaban ƙasa ta wayi gari babu kowa bisanta, amma ba shugaban majalisa ya riƙe ƙasa ba. Faraminista ya ba da sanarwar rushe majalisa, bayan kwana biyu Dauda Malam Wanke ya karɓi mulki.

Dokar 2006 da kashi 15 cikin 100

Mahaman Usman, wanda juyin mulkin 1996 ya sauke daga shugabancin ƙasa, shi ya shugabanci majalisa daga Disamba 1999 har Mayu 2009. Wannan majalisa ta nuna tana da haƙora, domin ran 31 ga watan Mayu 2007 ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar rashin amincewa.

Ga mutanen Abzin kuwa, babban aikinta shi ne dokar ma'adinai ta watan Agusta 2006. Dokar ta ɗaga harajin da kamfanoni ke biya, daga kashi 5 da rabi cikin 100 har yana iya kai kashi 12, gwargwadon riba. Ta kuma ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Lokacin nan Briji Rafini na Iferwan, yankin da Tchibarakaten ke cikinsa, yana cikin mataimakan shugaban majalisa.

Amma yin doka daban, aiki da ita daban. Cikin watan Fabrairu 2007 tawayen MNJ ya tashi daga Iferwan, rabon arzikin iraniyom na cikin manyan koke-kokensa. Kamfanin Areva bai yarda a yi aiki da sabon harajin bisa SOMAIR da COMINAK ba sai cikin watan Mayu 2014, shekara 8 ke nan bayan dokar. Magadan garuruwan arewa kuma sun sha kuka bisa jinkirin biyan kason nasu. Shi kansa Mahaman Usman, da ya ƙi goyon bayan tazarce, shugaba Tanja Mamadu ya rushe majalisarsa ran 26 ga watan Mayu 2009. Seyni Umaru da ya gaje shi wata uku kawai ya yi, soji suka komo ran 18 ga watan Fabrairu 2010.

Shekarun zinariya

Kundin 2010 ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, ya wajabta buga yarjeniyoyin haƙa da kuɗin da kowane kamfani ya biya cikin jaridar gwamnati. Hama Amadu ya hau kujerar majalisa cikin 2011. Cikin 2013 jam'iyyarsa ta fice daga ƙawancen masu mulki, majalisa ta rabu biyu. A shekarar da jama'a ke tururuwa zuwa Jado da Tchibarakaten, cikin watan Agusta 2014, shugaban majalisa ya bar ƙasa saboda wata shari'a da aka tuhume shi cikinta, wadda shi ya ce ta siyasa ce. Kujerar ta yi wata uku babu mai ita, kafin a zaɓi Amadu Salifu.

Ƙarƙashinsa aka yi dokar watan Mayu 2015 mai hana safarar baƙin haure, wadda ta tsai da sana'ar direbobi da yawa a Agadas, har aka soke ta cikin Nuwamba 2023. Useini Tinni ya shugabanci depitoci 171 daga 2016 zuwa 2021. Cikin Maris 2021, watan da Seyni Umaru ya komo bisa kujerar, aka rufe COMINAK bayan fiye da shekara 40 tana aiki. Majalisarsa ta yi sabuwar dokar ma'adinai cikin 2022, shekara guda kafin juyin mulkin ran 26 ga watan Yuli 2023, wanda ya dakatar da kundi da majalisa duka. Cikin watan Yuni 2025 aka kafa majalisar ba da shawara, kuma cikin wannan wata gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa.

Abin da lissafi ya nuna

Daga 1960 zuwa 2023 mutum tara suka riƙe wannan kujera. Babu ko ɗaya daga jihar Agadas. Juyin mulki ya sauke mai ita sau biyar, shugaban ƙasa ya rushe majalisarsa sau biyu, Taron Ƙasa sau ɗaya. Ba a taɓa ganin ɗayansu ya riƙe ƙasa bisa hanyar da kundi ya tsara ba.

Akwai kuma abin lura. Dokar da ta fi amfanar garuruwan ma'adinai, ta 2006, ta fito ne daga majalisar da ta samu shekaru tana zama ba tare da an kore ta ba, a hannun shugaban da ba ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa ba. Mai haƙa a Tchibarakaten da tsohon ma'aikacin Akokan ba sa ganin zauren Yamai da idonsu. Abin da suke gani shi ne rijiya, da likita, da lakwal, da hanya. Waɗannan kuwa ba sa samuwa sai an yi doka, an kuma samu wanda zai kira minista ya tambaye shi inda kuɗin suka shiga. Duk ranar da aka sake zaɓen mai wannan kujera, da wannan ma'auni mutanen arewa za su auna shi.