Ko Kun Sani? Shingen Dogon Yaro a Kwarin Majiya

Ko kun san cewa da itatuwa manoman kwarin Majiya, a yankin Buza na jihar Tawa, suka tare iska? A 1975 suka fara dasa dogon yaro, layi biyu-biyu, tare da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji. Kafin nan, iskar hunturu kan kwashe ƙasar gona mai albarka, ta farkon damina kuma ta binne tsiron gero da rairayi. Da itatuwan suka girma, sai laima ta zauna a ƙasa, gero da dawa suka ƙara auki, ga itacen girki da na rufin ɗaki. Wanda ya dasa itace a gonarsa, jikokinsa ya yi wa tanadi.