Ƙasar Gwandu da Tarihin da Bai Shiga Hoto Ba

Ka tambayi yaro a Dodoru ya kwatanta maka Sardauna, ba zai yi jinkiri ba: rawani, faffaɗar fuska, kwarjini. Bai karanta tarihinsa ba tukuna, amma ya sha riƙe naira 200 in an aike shi sayen daddawa. Haka ya san Tafawa Ɓalewa ta naira 5, Murtala ta naira 20. Maimaita hoto ɗaya a takardar kuɗi da kalanda da bangon makaranta ya zaɓar masa waɗanda zai tuna.

Sannan ka ce ya kwatanta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan kusa a Gwandu. Sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ƙanensa Abdullahi ya bi shi kafin 1830, sai a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Mutumin da ya riƙe yammacin daular Sakkwato, ya rubuta Diya'ul Ta'wili da Tazyinul Waraƙati, ba shi da fuska a idon jikokinsa. Shi ya sa zane-zane ke yawo a Facebook da sunan hoton Shehu, mutane suna turawa da kyakkyawar niyya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ƙarya ce ake jingina wa malaman da suka ƙare rayuwarsu suna tantance ruwaya.

Ita kuwa Jihar Kebbi, tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, hoto guda ne ya zama tambarinta a idon 'yan ƙasa: dubban masunta da homa da gora suna afkawa kogin Matan Fada na Argungu, wani ya rungumo giwan ruwa. Hoto ne mai kyau, na yarda. Sai dai kifin ya rufe labarin. Bikin Argungu a sigarsa ta yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara bayan dogon zaman doya da manja tsakanin Kabawa da daular, gabar da ƙasar Gwandu ta fi kowa ɗanɗana ɗacinta. Yaron Dodoru ya san hoton kifin, amma sulhun da ya sa kakanninsa suka yi noma cikin kwanciyar hankali ba ya ganin sa a kalandar kowa.