Mujiya Ba Mayya Ba Ce

Mutane da yawa suna tsoron mujiya. Wai in ta yi kuka a kan gida, wani zai mutu. Wasu kuma sun ce tsuntsuwar mayu ce. Duk camfi ne.

Kukan da take yi da dare, kiran 'yan uwanta ne. Idanunta ba sa juyawa, shi ya sa take juya wuya har baya. Gashinta taushi gare shi, don haka ba a jin tashinta.

Abincinta ɓera ne. Ɓera kuwa yana ɓarnar hatsi, yana kuma yaɗa zazzaɓin Lassa.

Manoma, ku hana yara harbinta da danko. Mai gadin rumbu ce, ba ta neman ko kwabo.