Mai ciwon sukari a hanyar kasuwa: guzurin da ba a bari gida

Daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, ba wuya a ga ɗan kasuwa ya ƙidaya kuɗinsa sau uku kafin ya hau mota, amma ya manta bai duba maganinsa ba. Mu da muke kwana kan hanya mun san ciwon sukari ya shiga cikinmu, ga shi kuwa ba ya jiran a tashi kasuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu tunatar da juna kayan da mai wannan ciwo ke buƙata, da yadda ake adana su.

Na farko shi ne na'urar awon sukari da tsinkayenta. Kowace na'ura da irin nata tsinke, na wata ba ya yi wa wata aiki. A duba ranar lalacewarsu, a kuma rufe gwangwanin da zarar an zaro ɗaya, domin zafi da laima na sa su ba da lambar ƙarya.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, mu mazauna bakin iyaka. Takardar awo a Nijar galibi da g/L take zuwa, a Najeriya kuwa za a ga mg/dL ko mmol/L. Wato 1,26 a Maraɗi shi ne 126 ko 7,0 a Katsina, kuma daga wannan lamba ne likitoci ke zargin ciwon idan an yi awon kafin karin kumallo. Saboda haka kowa ya san da wane ma'auni na'urarsa ke magana, ya kuma faɗa wa likitan da ya je wurinsa.

Na biyu shi ne insulin, ga waɗanda ke yin allura. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma kada ta daskare. Wadda aka buɗe galibi tana kai mako huɗu. A 2021, binciken ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin Dagahaley a Kenya. To amma zafinmu na watan Afrilu yakan haura 40. Kada a bar kwalba a gaban mota ko ƙarƙashin rumfar kwano. A sa ta cikin abin da ruwa ba ya shiga, a ajiye a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. A kan hanya kuma a naɗe da ɗanyen tsumma.

A lura da lambar da ke jikin kwalba: akwai mai 40, akwai mai 100. Dole sirinji ya zo daidai da ita, in ba haka ba mutum zai sa wa kansa fiye da kima ko ƙasa da kima.

Na uku, abin mamaki, sukari ne kansa. Idan awo ya sauka ƙasa da 70, wato 0,70, ko aka ji rawar jiki da gumi da jiri, a sha ƙwaya uku ko huɗu nan take, a sake awo bayan minti 15. A sanar da yaron shago da direba tun da wuri. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, sai a garzaya da shi asibiti.

Daga ƙarshe, mu 'yan kasuwa ne, mun san araha ba ta ado. Maganin da ya yini a tire cikin rana ba abin saye ba ne, komai sauƙinsa. A saya a farmasi mai izini, a nemi lambar NAFDAC in a Najeriya ne. Ribar kasuwa sai mai lafiya ke cinta. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kai mu gida lami lafiya.