'Yar Gudun Hijira Da Gishirin Da Ke Ba Da Wuta

Duk wanda ya bi ta gindin hasumiyar Gobarau a birnin Katsina da magariba, idan an ɗauke wuta, ya san abin da kunnensa zai ji: ƙarar janareto daga wannan shago zuwa wancan, ga hayaƙi, ga tsadar mai. Haka abin yake a majami'unmu da ƙananan asibitocin ikilisiya, inda allurar rigakafi kan lalace in firiji ya huce. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wata 'yar Afirka da ta shafe shekaru tana neman hanyar samun lantarki ba ƙara ba hayaƙi.

Sunanta Farfesa Sossina Haile, an haife ta a Adis Ababa a 1966. Mahaifinta Getatchew Haile masanin tsoffin littattafan ikilisiyar Habasha ne. A 1975 sojojin mulkin Derg suka harbe shi. Ya rayu, amma bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Iyalin suka yi hijira zuwa jihar Minnesota ta Amurka, inda ya ci gaba da aikinsa a Jami'ar Saint John's shekaru da dama kafin ya rasu a 2021. 'Yar kuwa ta bi hanyar kimiyya, ta sami digirin dakta a MIT a 1992, ta koyar a Caltech daga 1996, sannan ta koma Jami'ar Northwestern a 2015.

Abin da take bincike a kai wani irin batir ne da ba a yi masa caji, ɗura masa makamashi ake yi. Iskar haidurojin na shiga ta gefe guda, iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen, sai wuta ta fito ta waya, abin da ya rage kuwa ruwa ne da ɗumi. Dabarar tsohuwa ce, tun 1839 William Grove ya gwada ta a Birtaniya, kuma da ita kumbon Apollo ya sami lantarki a hanyarsa ta zuwa wata.

To, ina matsalar take? Tana ga siririn fallen da ke tsakiya, wanda ke aiki kamar rariya: yana barin wani ɓangare na haidurojin ya wuce, yana tilasta wa lantarkin ya zagaya ta waya. Fallen roba ba ya jure zafin da ya wuce na tafasar ruwa sosai, dole ya zauna a jiƙe, kuma ɗan datti a cikin iskar yakan gurgunta aikin. Na tangaran kuwa sai ya yi zafin digiri 700 zuwa 1,000. Sossina ta nemi na tsaka-tsaki, ta same shi a wani irin gishiri mai ɗauke da sinadarin sesiyum. Masana da dama ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin gishirin narkewa yake a ruwa, batirin kuwa ruwa yake fitarwa. Amsarta ita ce a wannan zafi ruwan tururi ne. A 2001 ita da ɗalibanta suka nuna batir na farko yana aiki. Gishirin farkon ya riƙa lalacewa a cikin haidurojin, sai suka sauya shi da wani ɗan'uwansa a 2004, mai aiki a wajen digiri 250. Ɗalibinta Calum Chisholm ya kafa kamfanin SAFCell don ƙera irinsa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sakamakon 2020, inda ta yi amfani da wannan gishiri wajen tace haidurojin daga amoniya, sinadarin da ake yin takin yuriya da shi. Haidurojin na da wuyar dako da ajiya, amoniya kuwa an daɗe da sanin yadda ake jigilarta.

Kada dai mu yi saurin sayar da janaretocinmu. Sesiyum na da tsada, kuma batirin na buƙatar ƙarfen fulatinam. Matasanmu, musamman 'yan mata masu son kimiyya, za su iya farawa daga nan gida: akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, akwai wata a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.